Masu Gudun Sanyin Filato, A Dubi Mutanen Gari Kafin A Dubi Ruwansa

Maganar da muka kawo a wannan fili ta shafi iyayenmu da yayyenmu waɗanda suka gama aikin gwamnati ko na ikkilisiya a bisa tsaunin Filato, suka karɓi kuɗin sallama, suna kuma shirin sauka zuwa ƙasar da ta fi ɗumi domin su ƙarasa sauran kwanakinsu a can. Duk mai zuwa sujada a Jos, ko Bukuru, ko Pankshin, ko Mangu, ko Bokkos, ya san abin da muke nufi. Da zarar hunturu ya kama a watan Disamba, sai kujerun dattawa su fara zama wayam a sujadar safe, wannan yana fama da gwiwa, wancan da tari, waccan kuma da asma. Haka labarin yake a Gembu, bisa tsaunin Mambila, inda sanyin ya ma fi na Jos.

Ba mu ga laifin wanda ya ce zai sauka ba. Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin sarki Dawuda, jarumin da ya kashe Goliyat, cewa da ya tsufa ko an lulluɓe shi da mayafai ba ya jin ɗumi. Jiki idan ya kwana biyu, abin da yake ɗauka a dā ba ya iya ɗaukarsa yanzu. Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6. Wannan ne dalilin da ya sa a daren Janairu ma'aunin zafi yakan sauko kusa da digiri 10 a kan dutse, wani lokaci har ƙasa da haka, alhali mutanen Lafiya da Shendam suna kwance da mayafi ɗaya. Saboda haka dattijon da ya ce ƙasusuwansa suna neman rana, gaskiya ya faɗa.

Abin da ya dame mu shi ne yadda ake yin zaɓen. Galibi mutum yakan je biki ko taron ikkilisiya a wani gari a lokacin Kirsimeti, ya tarar da iska mai daɗi, doya da kifi da araha, a kai shi bakin kogi ko gindin wani dutse ya sha iska, ya dawo gida ya ce wa iyalinsa ya ga wurin zama. Kafin wata uku ya sayi fili, kafin shekara ya zuba dukan kuɗin sallamarsa cikin bulo da kwano. To, kuɗin sallama sau ɗaya ake biyansa. Wanda ya zuba shi a garin da bai karɓe shi ba, ba shi da na biyu da zai gyara kuskuren. Ra'ayinmu shi ne a bi abubuwa daki-daki: a fara duban mutanen gari, sa'an nan lafiyar jiki, daga nan a dubi wurin shan iska. Dukansu uku suna da muhimmanci, amma idan aka juya jerin, wahala ce za ta biyo baya.

Mu tuna da Lutu a cikin Littafin Farawa sura 13. Da Ibrahim ya ba shi zaɓi, idonsa ya sauka a kan kwarin Urdun domin yana da ruwa da ciyawa, ya kwashi iyalinsa da dabbobinsa ya nufi can. Bai tsaya ya tambayi halin mutanen da zai zauna kusa da su ba. Kafin a jima yaƙin sarakuna ya rutsa da shi aka kama shi, sai da Ibrahim ya bi sawu ya ƙwato shi, daga ƙarshe kuma ya fita daga Saduma hannu wofi, ya rasa matarsa a hanya. Ruwan kwarin bai yi masa ƙarya ba, ruwa ne mai kyau. Tambayar da bai yi ba ita ce ta cuce shi.

Yaya za a gane gari mai son baƙi? Kowane gari idan ka je da mota da babbar riga a ranar biki, za a yi maka maraba. Gwajin gaskiya yana cikin ƙananan abubuwa. A tambaya ko ana ba baƙo hayar gida ba tare da an fara tambayar ƙabilarsa da addininsa ba. A shiga kasuwa a ga ko Kirista da Musulmi suna kasa kaya a rumfa ɗaya, ko kuwa kowa ya ja nasa gefe. A lura ko maƙwabta suna zuwa wa juna suna da biki da ta'aziyya, ko naman Sallah da shinkafar Kirsimeti suna ƙetare katanga. A bincika ko unguwannin garin sun rabu bisa addini, irin abin da ya sami Kaduna bayan rikicin shekarar 2000 da Jos bayan na 2001, inda akwai unguwar da mutum ba ya shiga idan rana ta faɗi. A kuma yi tambayar da mutane suke jin nauyin yi, wato idan baƙo ya rasu a garin, ina ake binne shi, kuma wa yake tsayawa a kan jana'izarsa?

Waɗannan tambayoyi kada a tsaya da su wurin mai sayar da fili, domin shi ciniki yake nema. A tambayi faston garin, a tambayi mai unguwa, a zauna a teburin mai shayi a saurari hira. Fiye da duka, a nemi wata gwauruwa a cikin Zumuntar Mata wadda ba 'yar asalin garin ba ce, a tambaye ta yadda aka yi da ita bayan mijinta ya rasu. Amsarta ta fi ta kowa nauyi, gama sau da yawa maigida ne yake riga matarsa tafiya, ita ce kuwa za a bari a garin da shi ya zaɓa. Dattijon da ya yanke shawarar ƙaura bai zauna da matarsa sun yi magana sun yi addu'a tare ba, ya ɗora mata kayan da watakila ita kaɗai za ta ƙarasa ɗauka.

Akwai kuma maganar ɗan ƙasa da baƙo, wadda ba ma son ta amma tana nan. Mutum zai iya yin shekara ashirin a gari yana biyan haraji, amma idan jikansa ya nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma domin makaranta ko aiki, sai a ce ya koma garin kakanninsa. A san da wannan tun kafin a tashi. Game da fili kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta shekarar 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi yake ba da takardar mallaka a cikin birni, ƙaramar hukuma kuma take ba da ta filayen karkara. Takardar da aka rubuta da hannu a gindin mangwaro, ba shaidun dangin mai filin, ba sa hannun mai unguwa da dagaci, ba za ta tsaya wa gwauruwa a gaban alƙali ba.

Ba za mu ɓoye cewa garuruwa da yawa na ƙasar ɗumi sun ɗanɗani rikici ba. Kafanchan ta gani a 1987, yankin Wase da Langtang a 2002, Yelwa ta ƙasar Shendam a 2004, yankin Numan kuma a 2017. Su ma garuruwan kan dutse ba su tsira ba, mutanen Mangu da Bokkos sun binne 'yan'uwa da yawa a 2023. Ba mu ambaci waɗannan domin mu ɓata sunan wani gari ba. A ƙasarmu da wuya a sami garin da ba shi da tabo. Abin tambaya shi ne me mutanen garin suka yi bayan rikicin. Shin sarki da limamai da fastoci suna zama tare a kai a kai, ko sai an ji ƙarar bindiga ake neman juna? Waɗanda suka gudu sun dawo gidajensu, ko har yanzu kango ne? Garin da ya faɗi ya tashi ya koyi darasi, wani lokaci ya fi wanda bai taɓa fuskantar gwaji ba.

Abu na biyu shi ne lafiyar jiki, a nan ne kuma ake yawan gudun gara a faɗa zago. Ƙasar da take da daɗi a Disamba, ita ce take zama tanda a Maris da Afrilu. A Yola da Numan zafi yakan wuce digiri 40 a waɗannan watanni. Tsohon da yake da hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon ƙoda, irin wannan zafi ya fi sanyi haɗari a gare shi, domin jikinsa yana rasa ruwa ba tare da ya ji ƙishirwa sosai ba, ga kuma wutar lantarki da ba ta da tabbas balle a dogara da fanka. Lokacin zafin nan ne kuma na sanƙarau, waɗanda suka ga annobar 1996 a Arewa ba su manta da dubban rayukan da ta ɗauka ba. Sauro ma ya fi yawa a kwari da bakin kogi fiye da kan dutse. Haka kuma filayen da ke gangaren Filato da kwarin Binuwai gidan kububuwa ne, macijin nan da ake wa laƙabi da gobe da nisa, shi ya sa asibitin Zamko a ƙasar Langtang da na Kaltungo a jihar Gombe suka yi suna wajen jinyar saran maciji. Mai shirin yin 'yar gona a bayan gida ya tanadi takalmin roba mai tsawo da tocila, ya kuma san inda ake samun allurar dafi kafin ya buƙace ta.

Mai son gida a bakin kogi kuma ya tambayi tarihin ambaliya. A shekarar 2012, da kuma 2022, ruwan sama mai yawa tare da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru sun sa Binuwai ya cika ya batse, ya cinye gidaje da gonaki daga Yola da Numan har Makurdi da Lokoja. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasa, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Filin da aka sayar maka da araha a rani domin yana kallon kogi, je ka dube shi a watan Satumba, ka nemi alamar ruwa a jikin katangar maƙwabta. Sa'an nan a auna nisan babban asibiti. Wanda ya saba da asibitin koyarwa na Jos, ko Jankwano, ko Vom, ya lissafa awa nawa za a yi da shi a mota idan ciwo ya tashi da tsakar dare.

Labarin jirgin da ya ɗauki manzo Bulus, a Ayyukan Manzanni sura 27, ya dace da wannan magana ƙwarai. Su ma neman wurin da ya fi daɗin cin hunturu ne ya tashe su daga tashar da suke a tsibirin Karita. Bulus ya ba da shawara a dakata, amma mai jirgi da yawancin mutane suka rinjaye shi, da wata iska mai laushi ta huro daga kudu kuma sai suka ɗauka buƙata ta biya. Ba su yi nisa ba guguwa ta same su, suka yi mako biyu a hannunta, jirgi da kaya suka salwanta, rayuka kaɗai Allah ya tsirar. Iskar Disamba a ƙasar kwari ita ce wannan iska mai laushi. Shawararmu ita ce kada kowa ya sa bulo ɗaya a ƙasa sai ya kama hayar ɗaki ya yi shekara guda cur a garin, ya ga bazara, ya ga damina, ya ga kaka, ya ga hunturu. Kada kuma ya sayar da gidansa na kan dutse kafin shekarar ta cika.

Yanzu sai mu zo ga wurin shan iska, wanda wasu 'yan'uwa suke gani kamar almubazzarancin Turawa ne. Ba mu yarda da su ba. Mutumin da ya yi shekara 35 yana tashi da asuba zuwa aiki, idan ya koma zaman kujera a ƙofar gida daga safe har dare, jikinsa da zuciyarsa sukan yi sanyi da sauri. Likitoci suna ba tsofaffi shawarar tafiya a ƙasa kimanin rabin awa a yawancin ranakun mako, domin tana taimakon zuciya da gaɓoɓi, tana kuma rage sukari a jini. Ubangijinmu ma yakan janye almajiransa zuwa kan dutse ko bakin teku su huta. Bugu da ƙari, jikokin da aka haifa a Abuja ko Legas sun fi ɗokin zuwa hutu wurin kaka idan akwai kogi ko dutse ko daji da za a kai su, ta haka zumunci yake ɗorewa.

Allah kuwa bai hana mu irin waɗannan wurare ba. Wanda ba ya son yin nisa da Jos, kuma ba ya son zafi mai tsanani, ya dubi gindin dutse. Kafanchan da Kagoro sun fi Jos ɗumi, amma ba su kai kwarin Binuwai zafi ba, ga duwatsun Kagoro, ga magangarar ruwa ta Matsirga, ga bikin Afan da ake yi ranar 1 ga Janairu kowace shekara, ga kuma makarantar tauhidi ta ECWA. Akwanga tana kan babbar hanyar Jos zuwa Abuja, hedkwatar ERCC tana kusa da ita a Alushi, magangarar Farin Ruwa ta ƙasar Wamba da ta Assop ta gangaren Hawan Kibo duk ana iya zuwa a dawo a yini. A kudancin Filato akwai Langtang da Shendam, inda COCIN da Katolika suka daɗe da kafuwa, kusa da tafki da gandun dajin Pandam, da Dutsen Wase inda tsuntsayen kwasakwasa suke sheƙa, garin da mishan na SUM suka fara kafa tasha a 1904. Mai iya jure zafi sosai yana da Numan, mahaɗar Gongola da Binuwai, hedkwatar LCCN, inda Dokta Bronnum na ƙasar Denmark ya fara aikin bishara a 1913, ga madatsar Kiri ba nisa. Daga Bauchi kuma ana zuwa Yankari, wanda aka buɗe wa masu ziyara a 1962, inda maɓuɓɓugar Wikki take fitar da ruwa mai ɗumin digiri 31 rani da damina.

Amma a nan ma sai an yi hankali da abu biyu. Na ɗaya, wurin da za ka je sau ɗaya a shekara bai kamata ya zaɓar maka garin zama ba. Abin da zai amfane ka kullum shi ne hanyar da za ka taka da safe ba fargaba, inuwar itatuwa, bakin rafi ko ɗan tudu da ƙafa take kaiwa, da filin da za ka shuka kuɓewa da yakuwa. Na biyu, dazuzzuka da yawa na ƙasarmu sun zama maɓoyar 'yan bindiga, kamar yadda ya faru da dajin Kamuku na Birnin Gwari da na Kainji. Kusanci da daji, wanda a dā abin alfahari ne, yau sai an tambayi mafarauta da direbobin tasha kafin a ce alheri ne.

Wani zai ce, duk wannan dogon lissafi na mene ne, me zai hana mutum ya koma ƙauyensu kawai? Ga wanda ƙauyensu yake ƙasar ɗumi, yana da dangi da gona a can, kuma bai yanke zumunci ba, wannan ita ce hanya mafi sauƙi, muna kuma goyon bayanta. Sai dai akwai waɗanda ƙauyensu ne yake kan dutsen da suke gudu. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo haƙar kuza tun zamanin Turawa, ba su san wani gida ba sai Bukuru ko Barikin Ladi. Akwai kuma waɗanda aka ƙone ƙauyukansu, babu abin da za su koma su tarar. Waɗannan su ne suka fi buƙatar shawara, su ne kuma masu sayar da fili suka fi samu a sauƙaƙe.

Shi ma mai ƙaura yana da nasa hakki, domin son baƙi ba ya tafiya da ƙafa ɗaya. Annabi Irmiya, a sura 29, ya rubuta wa waɗanda aka kai bauta Babila cewa su gina gidaje, su yi lambuna, su nemi zaman lafiyar garin da suke ciki, su kuma yi masa addu'a. Idan an faɗa wa bayi haka, ina ga wanda ya zo da ƙafarsa? Ka je ka gai da sarki da mai unguwa tun makon farko. Ka koyi gaisuwa da harshen mutanen gari, ko Tarok ne, ko Goemai, ko Mada, ko Bachama, ko da Hausa tana biya maka buƙata a kasuwa. Ka shiga ikkilisiyar da ka tarar ka zauna a inda aka ba ka, kada ka zo da labarin muƙamin da ka riƙe a Jos, kada kuma ka tara 'yan ƙabilarku ku buɗe taku majami'a. Maƙwabcinka Musulmi idan ya yi rashi, ka kasance cikin na farko da za su zauna a tabarmarsa.

A ƙarshe muna kira ga shugabannin ikkilisiyoyinmu. ECWA da ɗarikun da suke cikin TEKAN, wadda aka kafa a 1955, da Angilikan da Katolika da Baftis, suna da majami'u a kusan dukan garuruwan da muka ambata, wato muna da idanu da kunnuwa a ko'ina, sai dai ba ma amfani da su. Muna roƙo kowace majalisar dattawa ta mai da shi ka'ida, cewa duk memban da zai ƙaura bayan ritaya a zauna da shi da matarsa, a rubuta wa faston garin da za su wasiƙa tun kafin su sayi fili, a nemi amintaccen mutum a can wanda zai raka su wurin mai unguwa da ofishin filaye. Bayan sun tashi kuma kada a tsaya ga liyafar bankwana da kyautar agogon bango, a aiki dattijo ɗaya da mace ɗaya daga Zumuntar Mata su ziyarce su kafin shekara ta zagayo, musamman a watan Afrilu, su ga yadda suke.

Allah ya ba iyayenmu tsufa mai albarka, ya kai su garin da za a karɓe su hannu bibbiyu, ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.